Reza ɗaya aski nawa take yi kafin ta dakushe?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar aski. Gidan reza na ƙarfe nake amfani da shi, irin wanda ake kwance ƙotarsa a saka reza mai baki biyu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, askin farko da sabuwar reza yakan ɗan yi kaushi, na biyu ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba, daga na uku zuwa na huɗu kuma sai ta fara jan gashi, musamman a ƙarƙashin haɓa, washegari ƙuraje su feso a wuya. Gashina mai kauri ne, murɗaɗɗe. Haka kowace reza take, ko jabu ake sayar mini? Aski nawa ya kamata reza ɗaya ta yi? Kuma da gaske ne idan aka goga ta a jikin wandon jins ko a tafin hannu kaifinta yana dawowa?

Wanzamin Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka faɗa ba alamar jabu ba ce, halin reza ke nan. Mai gashi irin naka, aski uku zuwa huɗu shi ne abin da ake tsammani daga reza mai kyau. Mai gashi mai laushi yakan kai biyar, wani har bakwai. Amma lissafin nan yana yaudara, domin aski ya bambanta da aski. Wanda ke gyaran layin saje da wuya kawai ya bar gemunsa, bai yi rabin aikin wanda ke kwashe fuska gaba ɗaya ba. Wanda ke bi sau ɗaya ba daidai yake da mai bi sau uku ba. Gashin kwana biyu kuma ba gashin mako guda ba ne. Saboda haka kada ka riƙe adadi, ka saurari rezar. Ranar da ka ji ta ja maka gashi a shafar farko, ko ka ga kana maimaita wuri ɗaya sau biyu sau uku kafin ya fita, ko hannunka ya fara dannawa ba tare da ka yi niyya ba, ta gama aiki ko da askinta na biyu ke nan.

Abin da ya fi kashe reza da wuri shi ne busasshen gashi. Mutum ya shafa ruwa sau ɗaya, ya goga sabulu, ya ɗora reza. Gashin bai sha ruwa ba, yana nan da taurinsa. Ka wanke fuska da sabulu tukuna don maiƙon jiki ya fita, in ba haka ba ruwan ba ya ratsa gashin. Sannan ka jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi ka ɗora a wurin minti biyu zuwa uku, ko ka yi askin da zarar ka fito daga wanka. Gashin da ya jiƙu sosai, ƙarfin da ake bukata a yanke shi yana raguwa fiye da rabi. Lokacin hunturu sai ka ƙara kula, domin kumfa yana bushewa a fuska kafin ka gama ɓangare ɗaya. Ka riƙa shafa kumfan kashi-kashi, kunci ɗaya ka aske, sannan ɗayan, wuya daga ƙarshe saboda ya fi bukatar jiƙa. Ga ƙurar hunturu kuma da ke maƙalewa a gashi, ita ma cin bakin reza take yi, shi ya sa wankin farko ba abin tsallakewa ba ne.

Sai riƙo. Ka kwantar da murfin gidan rezar a kan fata, ƙotar ta miƙe waje, sannan ka sauko da ita a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Nan ne wurin, wajen digiri 30. In ka sauke ƙotar ta kusa kwanciya a jikin fuska, kankara kake yi ba yanka ba, kuma kankara tana lanƙwasa bakin reza nan da nan. Kada ka danna, nauyin ƙarfen ya isa. Ka riƙa jan gajeren zango, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka kurkure bayan ja biyu ko uku, kana juya baki ɗaya zuwa ɗayan don su gaji tare. Mutane da yawa baki ɗaya suke ta amfani da shi ba su sani ba, sai su ce reza ta mutu alhali rabinta sabo ne fil.

Injiniya daga Panteka:

Malam wanzami ya gama magana ta fuskar hannu. Bari in ƙara ta fuskar ƙarfen, don a nan amsar tambayarka ta farko take.

Kaurin reza wajen milimita 0.1 ne, wato kusan kaurin silin gashin gemu ɗaya mai kauri. Bakin kuwa an wasa shi ya sirance har ido ba ya iya ganin ƙarshensa. Yawancin rezojin yanzu ƙarfe ne mai jure tsatsa, wanda ke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari. Kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ne ya yaɗa irin wannan a farkon shekarun 1960. Kafin nan rezojin baƙin ƙarfe ne, suna tsatsa cikin kwana ɗaya biyu idan aka bar su da ruwa. Bayan an wasa bakin, sai a yi masa rufi iri biyu. Na ciki mai tauri ne, kuromiyam ko filatinam, shi ne ake rubuta Platinum ko Chrome a jikin kwali dominsa, ba wai rezar duka da shi aka yi ta ba. Na waje kuma wani shafi ne mai santsi da ake kira PTFE, irin wanda ke cikin kaskon suya da abinci ba ya kamawa. Shi ke sa reza ta zame cikin gashi ba ta ja shi ba.

To wannan shafin na waje yakan yi kauri a daidai tsinin baki idan reza ta fito daga masana'anta. Askin farko shi ke ture rarar ta koma baya, ya bar ɗan siririn da ya manne da ƙarfen. Shi ya sa aski na biyu ya fi na farko daɗi a rezoji da yawa. Daga nan kuma shafin sai ya ci gaba da gogewa, santsi ya ragu, ka fara jin ja tun kafin ƙarfen kansa ya lalace sosai.

Abu na biyu shi ne gutsurewa. A shekarar 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa wani aiki a mujallar Science a kan wannan tambayar: ta yaya gashi, wanda ƙarfe ya fi shi tauri kusan sau 50, yake lalata reza? Da suka duba da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki, sai suka ga ba wai bakin yana cinyewa ne a hankali kaɗai ba, 'yan ƙananan giɓi ne ke ɓallewa daga jikinsa. Ƙarfen ba ɗaya yake ba a ko'ina, akwai wurare masu tauri da masu ɗan laushi kusa da juna. Idan gashi ya tsaya cak reza ta sare shi kai tsaye, ba abin da ke faruwa. Idan kuwa gashin ya lanƙwashe ya haɗu da bakin a karkace, kuma ya dace da wuri mai rauni, sai ya tsaga shi. Da zarar tsaga ta fara, gashi na gaba yana faɗaɗa ta. Ka duba gashinka yanzu: murɗaɗɗe ne, yana fitowa a kwance, a wuya kuma kowane sili da inda ya fuskanta. Kusan kowane ɗaya a karkace yake haɗuwa da reza. Ba abin mamaki ba ne taka ta riga ta mai miƙaƙƙen gashi mutuwa, kuma a ƙarƙashin haɓa ka fara ji.

Maganar jins da tafin hannu, ga yadda take. Gogawa tana iya share busasshen sabulu, tana iya miƙar da bakin da ya ɗan lanƙwashe, shi ya sa wasu ke jin bambanci na aski ɗaya. Amma ba ta cike giɓin da ya ɓalle, kuma tana kwashe sauran shafin santsin da ya rage. Askar wanzamai ta gargajiya da ake wasawa a dutse a goga a fata daban ce, tana da kauri, ba ta da rufi, don a riƙa wasa ta aka ƙera ta. Reza ba haka take ba. Ga haɗarin yanke tafin hannu a kan abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ni ban ga ribar ba. Ko a takardar da ake naɗe wasu rezojin za ka ga an rubuta kada a goge bakin, saboda wannan shafin ne.

Na uku shi ne ruwa, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Jure tsatsa ba ya nufin ba ya tsatsa sam. Tsinin bakin ya yi siririn da ɗan cin da ido ba ya gani ya isa ya ɓata shi. Ɗigon ruwa da ya kwana a kai, da gishirin gumi, da ragowar sabulu, suna aiki a kansa tsakanin aski da aski. Idan ruwan rijiya ko na burtsatsen gidanku yana barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, wannan ɓawon yana zama a bakin reza idan ruwan ya bushe a kai. A damina, musamman watan Agusta da iska ke cike da danshi a nan Kaduna, rezar da aka bari a banɗaki ba ta bushewa ko kaɗan. Idan ka gama aski, ka sassauta ƙotar kamar rabin juyi, ka kurkure da ruwa mai gudu har gashin da ya maƙale tsakanin reza da farantin da take zaune a kai ya fita, ka yarfe ruwan da ƙarfi, ka tsoma kan gidan rezar a cikin ɗan sifirit na daƙiƙa kaɗan. Sifirit yana korar ruwa ya bushe da sauri. Sai ka ɗaure ka ajiye a ɗaki, a tsaye, ba a gefen bokiti ba. Kada ka ƙwanƙwasa kan a jikin siminti ko bakin bokiti don fitar da gashi, yana gutsure bakin kuma yana karkatar da gidan.

Wanzamin Tudun Wada:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Wuri ɗaya zan ɗan ja da kai. Ga wanda ba ya aski sai mako-mako, sifirit kaɗai bai isa ba a damina. Gara ya ciro rezar gaba ɗaya, ya riƙe ta ta gajerun gefunan nan marasa kaifi, ya dangwala ta a kan busasshen tsumma ba tare da ya ja bakin ba, ya ɗiga mata man zaitun ɗigo ɗaya, ya mayar cikin takardarta. Mai aski kullum ko bayan kwana biyu ba ya bukatar wannan wahalar, rezarsa za ta ƙare kafin tsatsa ta same ta.

Injiniya daga Panteka:

Na yarda, in dai za a wanke man da ruwan ɗumi kafin aski, domin mai yana kashe kumfa kuma yana tara ƙura. Sai dai a sani yawan cirewa da mayarwa shi ne inda yatsa ke yankewa, kuma bakin yana iya gogar ƙarfen gidan a wajen sakawa.

Mai shago, Kasuwar Barci:

Salamu alaikum. Alhaji mai tambaya, kafin ka ɗora wa reza laifi ka duba gidan. Mai kashi uku yana da murfi, da farantin ƙasa mai sandar kariya, da ƙota. Bayan ka ɗaure, ka ɗaga shi sama ka kalle shi ta gaba a wurin haske. Bakin rezar ya kamata ya leƙo daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kuma ya yi layi ɗaya da sandar kariyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gidaje masu araha da yawa ƙusoshin da ke riƙe rezar sun yi wa ramukanta ƙanƙanta, sai ta zauna a karkace, gefe ɗaya yana cizo ɗayan ba ya kama komai. Maganinsa, ka kifa murfin a kan tawul, ka ɗora reza, ka ɗora faranti, ka ɗaure rabi, ka daidaita ta da yatsu ta gajerun gefuna, sannan ka ƙarasa ɗaurewa. Idan ba ta ɗauru tamau ba tana rawa a kan gashi, wannan rawar kuma tana jawo yanka da saurin dakushewa. Amma kada ka murɗe da ƙarfin tsiya, yawancin gidajen nan narkakken ƙarfe ne da aka zuba a mazubi, haƙoran ƙusar suna cinyewa ko ta karye. Wani kuma yana kifa farantin ƙasa ta baibai bai lura ba, sai reza ta ƙi yanka sam.

Game da iri, kowace da halinta. Feather ta Japan ta yi suna wajen kaifi, mai kaurin gashi yana jin daɗinta amma ba ta yafe wa mai danna hannu, kuma ba kasafai ake samunta a shagon unguwa ba. Derby ta Turkiyya ta fi sanyin baki, a gashi irin naka tana iya ja tun askin farko. Astra mai koren kwali tana tsakiya. Akwai Shark da Lord na Masar, da Dorco ta Koriya ta Kudu, da Super-Max, da Treet ta Pakistan wadda wasu nau'o'inta baƙin ƙarfe ne, su kam dole a busar da su nan take. Tiger kuwa kowa ya san ta a ƙasar nan. Shawarata kada ka sayi babban kwali tukuna. Ka ɗauki ƙaramin fakiti ɗaya na iri biyu ko uku, ka ƙare ɗaya kafin ka shiga wani, sabulu ɗaya, gida ɗaya, don ka san bambancin daga rezar yake. Mai gashi mai kauri yawanci mai kaifi ce ta fi masa, saboda tana yankewa a bi ɗaya.

Jabu kuwa akwai shi a kasuwa. Alamarsa rubutun jikin rezar ya yi dishi-dishi ko yana gogewa da yatsa, takardar naɗin ta yi sako-sako, kuma a fakiti ɗaya wata ta yi kyau wata ta ƙi yanka tun farko. Taka da take yin daɗi a aski na biyu kowane lokaci, ba ta yi kama da jabu ba. Ka kuma guji wadda aka rataye a rana da ƙura, ko kwalin da ya taɓa jiƙewa. Ɗigon kakin da kake gani a jikin sabuwar reza ba datti ba ne, shi ke riƙe ta kada bakin ya gogi takarda, ruwan ɗumi yana tafiyar da shi. Lambobin 1 zuwa 4 da ke kusurwar wasu kuma na masana'anta ne, ba tsarin da za ka bi wajen aski ba ne.

Nas a Barnawa:

Malam, ƙurajen wuyan nan su suka fi damuna a cikin bayaninka. Dakusasshiyar reza tana jan gashi ya miƙo kafin ta yanke shi, sai guntun ya koma ƙarƙashin fata da tsini a bakinsa. Murɗaɗɗen gashi kuma idan ya tashi girma lanƙwasowa yake ya soki fata, jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, daga baya ya bar baƙin tabo. Don haka a wuya ka bi kwanciyar gashi kawai, kada ka yi masa gaba da gaba, kada ka ja fatar ta miƙe da ɗayan hannun. Ka bar gashin kwana biyu ka shafa da yatsa ka gane inda kowane ɓangare ya kwanta, don na wuya sau da yawa gefe yake yi ko sama. Bayan aski ka wanke da ruwan sanyi, ka shafa jiƙaƙƙen alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, ka bar shi rabin minti ka wanke, sannan ɗan man kaɗanya. Inda alif ya yi maka zafi sosai, nan ka danna hannu ko rezar ta gaji.

Idan ƙurajen sun riga sun yi yawa, ka ajiye reza mako uku zuwa huɗu, ka riƙa ragewa da kilifa kana barin kamar milimita 1. Kada ka tsige gashin, kada ka matse, kada ka shafa mayukan bilicin da ake cewa suna kashe ƙuraje. In sun fara ruwa, ko suna tauri suna haɗewa musamman a ƙeya, ka ga likitan fata da wuri.

Kuma don Allah reza ta mutum ɗaya ce, ko tsakanin wa da ƙane. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, jinin da ido ba ya gani ma ya isa, kurkurewa da ruwa ba ta kawar da ita. A wurin wanzami ka tabbatar a gabanka aka ɓare sabuwa. Wadda ta ƙare kuma kada a jefa ta a shara tsirara, yara da masu kwasar bola suna yankewa. Ka sami gwangwanin madara da aka huda, ka faɗaɗa hudar ta zama tsaga, ka riƙa zura su ciki, in ya cika ka bubbuge bakin ya rufe.

Ɗan Kawo:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya. Rezar da ta fara ja a fuska, zan iya ƙarasa ta a askin kai ko na hammata da mara, ko ita ma a yar?

Wanzamin Tudun Wada:

A yar da ita, Malam. Kai ya fi fuska faɗi sosai, ga tudu da kwari, ga ƙeya da ba ka gani. Ƙwal-kwabo ɗaya yana iya cinye sabuwar reza, mai cikar gashi ma wani lokaci sai an canja kafin a gama, shi ya sa wanzami ke karya sabuwa gida biyu ya saka sabon rabi ga kowane kai. Hammata da mara kuwa fatarsu ta fi ta fuska laushi, ga gumi ga gogayyar tufafi, ɗan yanka kaɗan sai ya zama maruru. Su ma sabuwa suke so, kuma a ware musu tasu daban da ta fuska. Tun da yawanci akan bar su su ɗan taru, in dai ba a wuce kwana 40 da sunna ta iyakance ba, ka fara rage gashin da almakashi ko kilifa ya dawo kamar milimita 2 zuwa 3. Dogon gashi yana cushe tsakanin reza da sandar kariya tun a ja na farko, sai ka ɗauka ta dakushe ka fara dannawa, alhali toshewa ce kawai. Ka jiƙa wurin sosai kamar yadda aka faɗa a sama, ka bi kwanciyar gashi, ka riƙa kurkurewa bayan kowane ja.